Ranar da Tela na Uku Ya Zo Dauran

Jiya na tsinci tsohon allon shagon Baffana a zaure, har yanzu yana ƙanshin man keken ɗinki. Shekara da shekaru "Better Tailor" ke rubuce a kai. Na taɓa ce masa, "Baffa, a sa 'Best' mana."

Ya ce, "Ɗiyata, mu biyu ne teloli a Dauran. Turanci bai yarda da 'best' ba sai an kai ukku."

Da Shari'a ta zo, ɗinkin hijabi ya yawaita, wani tela ya buɗe shago. Baffa ya kai masa goro, ya dawo yana dariya, ya tsoma buroshi cikin jan fenti. "Yau na fi kowa!"

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya sa can ma yana cikin mafifita.