Safiyar da ta bi ta ganyen mangwaro

Yaya Diep ta fi kowa shiru a ɗakin aikinmu na birnin Da Nang, kuma teburinta na jikin nawa. Sana'armu zana gidajen da ba a gina ba tukuna, mu sa kwamfuta ta fito da su kamar an ɗauke su hoto, har mai gida ya ga inuwar labulensa tun ba a haƙa tushe ba.

Kwamfutar kan saki zaren haske barjat cikin ɗakin da ka zana, ta bi kowanne: ya bugi bango, ya faɗa daɓe, ya koma rufi, yana kwasar launin duk abin da ya taɓa. Da fari hoton kan fito kamar an watsa yashi, sannan ya riƙa washewa a hankali. Katin hoto da ke cikin kwamfutar ke ɗaukar wannan nauyi, kuma kowane kati da iyakar cikinsa. In kayan da ka zuba sun fi ƙarfinsa, sai ya tsaya cak. Wanda Yaya Diep ke da shi a gida tsoho ne mai ƙaramin ciki, in ya ɗau zafi fankarsa na kuka kamar babur a kan tudu. Mukan tsokane ta mu ce ta dama masa kunun shinkafa ko ya farfaɗo. Sai ta ce mu bari namu su tsufa tukuna, ta ga bakinmu.

Mahaifinta, Kawu Khoi, mutumin kan duwatsu ne. Ƙauyensu ya daɗe a ƙarƙashin ruwan madatsa. Da mahaifiyarta ta rasu, ta ɗauko shi zuwa birni, sai ya ɗauke hannu daga abinci. Kullum yana bakin ƙofa da takalmansa a ƙafa, yana jiran a mayar da shi gida, yana ta ramewa.

Sai ta fara gina masa gidan a kwamfuta. Ranakun Lahadi nakan je da kofi mai madara in zauna ina saurare. Shi yana faɗa, ita tana zanawa: gadon katako, kabad, keken ɗinkin mahaifiyarta, randa, teburin girmama kakanni da kaskon turarensa, da mangwaron da ke bayan taga. In yana magana idonsa a lumshe yake, kamar mai bin hanyar da ya sani cikin hazo.

Da ta gama, katin ya ƙi. Ta duba ta ga mangwaron ne ya cika masa ciki, don kowane ganye sai an lissafa shi. Tunda bishiyar tana waje, ba ta ma fitowa a hoton, sai ta cire ta. Hoto ya fito fes, komai a wurinsa.

Kawu Khoi ya daɗe yana kallo.

“Gida mai kyau,” in ji shi. “Na wa ne?”

“Namu ne mana, Baba. Ga keken Mama, ga randa.”

Ya girgiza kai. Ya ce kayan dai nasu ne, amma a gidansu safiya koriya take shigowa, wannan kuwa fara ce fat kamar ta asibiti. Ya koma bakin ƙofa.

Ta mayar da mangwaron, katin ya sake tsayawa. Ba wani kati a hannu, don na wurin aiki ba sa hutawa. Sai ta fara rage kayan ɗaki. Ta cire kabad, ta cire gado, ta cire tukwane. Katin bai yarda ba. Teburin kakanni ta ce ba mai taɓa shi, ko a hoto. Saura keken ɗinki. Ta daɗe da hannu a kansa, ta ce mini da wannan keken aka ɗinka mata rigar makarantarta ta fari. Ta cire shi.

Fanka ta ɗau kuka. Yashi ya cika allon, sannan ya fara kwantawa kamar ruwan randa in an bar shi. Ɗaki kusan fanko ya bayyana. Hasken da ya ratso ganye ya shigo ta taga, ya zuba kan daɓen katako, ya hau bango da wani kore-kore mai taushi, har gefen randar ya ɗauka.

Ban ji tahowar Kawu Khoi ba, sai dai na gan shi tsaye a bayanmu. Hoton bai gama washewa ba ya sunkuya, ya tuɓe takalmansa, ya jera su gefe kamar yadda ake yi a bakin ɗaki. Ya zauna a ƙasa gaban allon.

“Wa ya kwashe keken uwarki?”

“An kai gyara, Baba.”

Ya gyaɗa kai, ya ce dama ya daɗe yana cin zare. Can ya waiwayo ya tambaye ta ko akwai sauran kunu a tukunya.