Littafin Jirgin Kakana Da Na Ƙona Da Hannuna

Edita, ina yi maka sallama, ina kuma roƙon ka sakaya sunana. A lokacin da abin nan ya faru ni malama ce a wata islamiyyar matan aure a Birnin Kudu. Ban daɗe da fara koyarwa ba, kuma ina ji da kaina, ko atishawa mutum ya yi sai na duba ko ya yi ta bisa ƙa'ida. Asalina 'yar Farin Dutse ce a ƙasar Gwaram, a hannun Gwaggo, yayar mahaifina, na tashi, don ina goye mahaifiyata ta rasu.

A ƙasan adakar Gwaggo akwai wani tsohon littafi mai baƙin bango, naɗe cikin tsumma. Na mahaifinta ne, wato kakana, wanda ya rasu tun tana yarinya. Abin da muka taso muna ji shi ne ya yi yawon duniya a ƙuruciyarsa, ya dawo yana ba da labarin wani jirgin ruwa mai cin itace yana fitar da hayaƙi, mutanen gari suna yi masa dariya. A wurin da rafi ke ƙafewa kafin rani ya raba, wa zai yarda wuta na tuƙa jirgi a kan ruwa? Littafin cike yake da rubutun ajami ƙanana da fensir, da zane-zane na da'ira da layuka masu shiga juna. An taɓa kai wa wani malami, ya ci karo da kalmomin da bai taɓa ji ba, sai ya ce sunayen rauhanai ne, zanen kuma hatimi ne. Tun daga nan, in yaro ya cika firgita a danginmu, Gwaggo kan yagi shafi ɗaya a kai wa baduku ya ɗinke, a rataya masa.

Na yi mata wa'azi har bakina ya gaji. Takan saurare ni tana tsince wake, in na gama ta ce Allah ya ƙara ilimi, ta tambaye ni ko zan ci ɗanwake. Wata rana na je garin, na tarar ta tafi barkar haihuwa. Na buɗe adakar, na ɗauko littafin, na kai shi murhu. Ban karanta ko layi ɗaya ba, domin ajamina ma ba wani mai ƙarfi ba ne, amma wannan bai dame ni ba. Da ta dawo na gaya mata da bakina, ina jiran faɗa. Ba ta yi faɗa ba. Ta tsuguna gaban murhun ta daɗe tana motsa tokar da tsinke, sannan ta tashi ta ɗora tukunya. Na koma Birnin Kudu ina ganin na ceci tsohuwa daga halaka.

Bayan shekaru kaɗan aka kira ni a waya cewa mai unguwa ya kawo wa Gwaggo baƙi daga Lakwaja, in zo maza. Na hau motar haya kaina a ɗaure, don ba mu da kowa a can. Na tarar da mutum biyu a zaure, wani dattijon injiniya da ba ya jin Hausa sosai, da wani malamin makaranta Bahaushe da ke yi masa tafinta. Sai da suka maimaita bayanin sau biyu kafin na fara kama bakin zaren. Wai akwai wani tsohon jirgi mai aiki da tururi da ya shekara da shekaru kwance a bakin kogin Kwara, su kuma sun haɗu suna gyara shi don yara masu tasowa su ga yadda iyayensu suka yi sufuri. Masu tsintar ƙarafa sun kwashe bututun injin, babu wanda ya san yadda aka harhaɗa su. Sai wani tsoho a can ya tuna da wani Bahaushen Gwaram mai hura wa jirgin wuta, wanda komai ya gani sai ya rubuta ya zana a littafinsa. Suka bi sunan a wata tsohuwar takardar ma'aikata, suna tambaya gari-gari har Allah ya kawo su ƙofarmu.

Ashe kakana ba maƙaryaci ba ne. Hatimin nan bututu ne, sunayen rauhanan nan sunayen sassan inji ne na Turanci da ya rubuta da ajami. To amma idan haka ne, me aka yi ta rataya wa yara a wuya? Ni kuma me na ƙona, tsibbu ko aikin hannun bawan Allah? Ina cikin wannan tunanin tafintan ya tambayi Gwaggo ko littafin na nan. Ta ɗago ta dube ni, sannan ta mayar da kanta ƙasa.

"Gara ce ta cinye shi, Malam. Ku yi haƙuri."

Edita, wannan kalmar ta fi mini mari zafi. Na ƙona littafin don kada ta ɗauki zunubi, ga shi yau ta yi ƙarya a gaban baƙi don ta rufa mini asiri. Na buɗe baki in faɗi gaskiya, ta danne mini gwiwa da hannunta. Dattijon ya sunkuyar da kai, na ga idonsa ya kawo ruwa, shi da ba dangin iya ba na baba.

Har sun fara neman takalmansu sai Gwaggo ta ce su dakata. Ta shiga ɗaki ta fito da wata 'yar laya da fatarta ta yi baƙi. Na gane ta nan take, tawa ce, wadda na tsinke na jefar a tsakar gida ranar da na fara zuwa islamiyya. Ta sa reza ta farke ɗinkin da kanta. Takardar ta yi laushi kamar ganyen rama, amma rubutun na nan, da ɗan zane a gefe. Tafintan ya karanta a hankali. Kakana ya rubuta cewa in tukunyar jirgi ta yi tari sau biyu a rage mata wuta, a duba ruwanta, kada a yi mata gardama don tsohuwa ce.

Gwaggo ta sa aka sake karanta mata har sau uku. Sannan ta yi 'yar dariya, ta share fuska da bakin mayafi.

"Haka yake magana. Wallahi haka Baba yake magana."

Shekarunta sun haura saba'in, kuma wannan ne karo na farko da ta ji abin da ubanta ya rubuta. Ta miƙa musu takardar ta ce su kai wa jirgin, nasa ne. Sauran layun mun bi gida-gida muna nema, wasu sun ɓace, wasu ni ce na sa iyayen yaran suka zubar.

Har yau ban sauya ra'ayi a kan laya ba, kuma har yau ban san yadda zan auna abin da na yi ba. Niyyata mai kyau ce, na sani, amma ban karanta ba na yanke hukunci, daidai da malamin da nake zargi. An ce mini aikin jirgin na tafiya, sai dai da laluben abin da littafi ɗaya zai warware. Masu karatu, in kun samu tsohuwar takarda a adakar iyayenku, ku nemi wanda zai karanta muku kafin ku rataya ta ko ku kai ta murhu. Gwaggo ta rasu bara. Kafin nan ta sha tambayata, ba da faɗa ba, ko na ɗan leƙa littafin a ranar, ko na tuna wani abu da Baba ya ce a sauran shafukan. Ni kuwa ko layi ɗaya ban karanta ba.