Farautar Hoton Inna daga Roni zuwa Kanya Babba

Tashi daga Kazaure

Ladan bai gama kiran assalatu ba na riga na rataya jaka. Maigidana ya ce in bari gari ya waye mana, ai Gwiwa, garin da Inna take, ba Makka ba ce. Na ce masa in na ƙara zama a gidan nan hawan jini zai kama ni. Talata ce, tsakiyar damina, kuma ran Alhamis da sassafe Alhaji mai goro zai koma Kumasi. Abin da zan aika wa Yaya Sani dole ya shiga hannunsa kafin nan.

Yaya Sani shi ne babbanmu, ɗan farin Inna, ni Rabi kuma auta. Ya daɗe a Kumasi yana fataucin goro. Ciwon suga ya kwantar da shi, ya ci ƙafa ɗaya, ya dawo kan idanu. Ɗaya ya riga ya tafi, ɗayan kuma likita bai ɓoye masa ba, ya ce ba zai jima ba. Fuskar waya ta yi masa ƙanƙanta, sai abu babba yake gani, shi ma sai an kawo masa dab da hanci. Shi ne ya sayi 'yar kyamara ya ba Alhaji ya kawo mini, da saƙo ƙwaya ɗaya: hoton Inna, babba, tana kallon gaba.

Wanda bai san Inna ba zai ce wannan ai ba aiki ba ne. To, Inna ba ta taɓa kama sunan Yaya ba. "Wancan" take cewa, ran da ta ga dama ta ƙara "na Kumasi". Kakarmu ce ta raine shi, kuma ko da ya girma, in ya shigo gaisuwa bango take kallo har ya fita. In ya kira waya jikoki take miƙa wa, ta ce a ce masa tana lafiya. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da, tata kuma ta fi ta kowa tauri.

Kyamarar kuwa ba ta fi sabulun wanka girma ba, har na raina ta. Tun ran Litinin na kai ta wurin Mista Bulus, mutumin Filato mai shagon hoto a bayan tasha. Ya ce kada ƙanƙantarta ta ruɗe ni. Hoton wayata in an faɗaɗa shi ya kai girman tire sai ya farfashe, nata kuwa har gashin gira sai a ƙirga. Ya nuna mini abin da ake murzawa a sama, idonta ya zuro waje ya jawo na nesa kusa. Ya nuna mini wani ɗan akwati kore da ke fitowa a allon baya ya kewaye fuskar mutum, ya ce in na gan shi, fuska ta fito tas, in danna. Ya hana ni kunna wutar filasha, wai tana sa fuska ƙyalli kamar an shafa man gyaɗa. Ya ce ban da tsakiyar rana, ban da cikin ɗaki, inuwa mai haske zan nema.

Roni

Motar Roni ta ƙi cika. Saura mutum ɗaya, direba ya kafe, yana shan shayinsa kamar ba shi ne zai tuƙa mu ba. Da na ga rana na shirin fitowa na ce a ɗora mini kuɗin kujerar. Wata tsohuwa a gefena ta tambaye ni ko haihuwa ake yi a inda za ni.

Na bi ta Roni ne don in gwada hannuna a kan Yaya Hajara, mai bin Yaya Sani, in kuma ja ta ta raka ni, don Inna tana ɗan jin maganarta. Na zaunar da ita a inuwar darbejiya, akwatin nan kore ya cafke fuskarta, na danna. Wallahi sai da na yi salati. Ga tsagar kumatunta, ga zaren mayafi ɗaya bayan ɗaya, ga wani ƙuda a kafaɗarta da ni da ke tsaye ban gan shi ba. Daga ƙofar gida na murza abin nan, duwatsun bayan gari suka taho har gabana da awakin da ke kansu. Na ce lallai Yaya bai yi asarar kuɗinsa ba.

Rakiya dai ta ce ba za ta samu ba, suna da masu noma a gona, ita ce da tukunya. Tana zuba mini koko ta ce kada in damu, ai tun jiya ta kira Kawu Idi, ƙanen mahaifinmu da ke gida ɗaya da Inna, ta gaya masa ina tafe da kyamara, don a shirya Inna.

Na ce, "Yaya, Innar kika sa a shirya?"

Ta ajiye ludayin. Ita ma a lokacin ta gane abin da ta yi.

Gwiwa

Acaɓa na hau, don ba zan iya jiran wata mota ta cika ba. Gero ya kai kafaɗa dama da hagu, hanya kuma duk taɓo. Muna tsakiyar tafiya hadari ya haɗo, na ƙulle kyamarar a leda biyu na cusa a ƙugu. Sau biyu muna sauka mu tura babur. Ɗan acaɓan ya ce mu fake a wata rumfa, na ce ya fake shi kaɗai in ya ga dama, ni ko da ƙafa sai na ƙarasa. Ya ce, "Hajiya, ke ba kya gajiya ne?" Na ce sai ran Alhamis.

Bayan azahar muka shiga, a jiƙe sharkaf. Ɗakin Inna a rufe. Kawu Idi yana zaure yana gyaran fartanya, yana ganina ya fara dariya. Ya ce tun da asuba ta sa aka kai ta bakin titi, wai za ta Kanya Babba duba ƙanwarta Iya Abu. Na tambaya me ya sami Iya Abu. Ya ce lafiyarta ƙalau, ko shekaranjiya sun yi waya. Tsohuwar da sai an kama ta take hawa mota, ita ce ta tsallake gari da gari don gudun abin da bai fi sabulu ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ban ɓoye ba.

Ruwa bai ɗauke ba sai yamma, dole na kwana. Kafin magariba rana ta ɗan leƙo, Kawu ya ce tunda na zo in ɗaukar wa Sani rijiya da tsamiyar ƙofar gida. Na ɗauka, shi ma ya sa babbar riga na ɗauke shi. Hasken bayan ruwa ya yi wa kyamarar daɗi, ganye ya fito kore shar. Sai da na gama na lura alamar batir ta ragu. Na zazzage jaka neman caja, na tuna a kan keken ɗinkina na bar ta. Tuwon dawa da miyar kuka aka kawo mini, ban san yadda na haɗiye shi ba.

Hanyar Babura

Laraba ina idar da sallar asuba na fita. Acaɓa zuwa titi, mota zuwa Kazaure, daga nan na faɗa motar Babura ba tare da na leƙa gida ba, don in na tsaya ɗaukar caja motar za ta tashi, kuma ko na ɗauko ban san inda zan sami wuta ba. Buhunan taki a but ɗin mota, mu huɗu a baya, wani bawan Allah yana ta lissafin canjin sefa a waya da ƙarfi kamar da mu yake ciniki.

Bayan mun wuce Achilafiya muka tarar da shinge. Jami'in ya sa aka buɗe jakunkuna, ya ga kyamara, ya tambaya ko ni 'yar jarida ce. Na ce tela ce ni. Ya ce in kunna ya gani. Mutumin kirki ne, ba abin da ya nema, illa hotunan sun burge shi. Ya tsaya yana jawo awakin Roni kusa yana mayarwa, har ya kira abokin aikinsa ya zo ya ga ƙudan kafaɗar Yaya Hajara. Ni kuwa batir nake kallo, kamar jinina ake zuƙa. Da ya miƙo mini, saura layi ɗaya.

Kanya Babba

Ban yi sallama ba. Daga zaure na hango su a inuwar rumfa, Inna da Iya Abu, suna tsinkar zogale. Na murza, na jawo Inna kusa. Gefen fuskarta ya fito sarai, har ramin ɗan kunne. Sai dai gefe ne, kuma Yaya ba gefe ya aiko ni nema ba, wannan ya sha ganinsa. Ina jiran ta juyo kyamarar ta yi 'yar ƙara, Inna ta ja mayafi har haɓa.

Na shiga na durƙusa na gaishe su. Ta amsa kamar ba komai, har tana tambayata ruwan Kazaure. Na lallaɓa, na yi wasan auta, na ce hoton na ajiyewa ne a gidana. Ta ce ba yau ta haife ni ba. Duk inda na ɓullo ta kau da kai. Akwatin kore ya rasa abin kamawa, sai ya koma kan Iya Abu, wadda ita kuwa har gyara ɗankwali take yi. Biyu da na danna sun fito dishi-dishi, mayafi kawai da kunne. Alamar batir ta koma ja.

Nan haƙurina ya ƙare. Na ajiye kyamarar a tabarma na ce, "Inna, idon Yaya zai rufe. Likita ya faɗa. In Alhaji ya tafi gobe babu hoton nan, shi ke nan, ba zai ƙara ganinki ba."

Ban taɓa yi mata magana da wannan murya ba. Iya Abu ta daina tsinka. Inna ta ci gaba da zare ganye, amma a ƙasa yake zuba, ba a ƙwarya ba. Can ta nuna kyamarar da haɓa ta ce, "Abin nan, sai da mutum a bayansa yake aiki?"

Ban sani ba. Na kira Mista Bulus. Ya ce in nemi alamar agogo a gefen allo, in na danna zan sami kamar ƙirga goma kafin ta ɗauka da kanta. Muka kifa turmi, na ɗora ta a kai, na daidaita da tabarmar da ke bakin rumfa. Inna ta ce Iya Abu ta ba ta kwalli. Ta sa, ta gyara zama, ta ce kowa ya fita. Na danna na ruga zaure, muka juya wa tsakar gida baya ni da Iya Abu, muna jin ɗan kukan da kyamarar take yi tana ƙirgawa. Sai ƙaras.

"Zo ki ɗauki abinki," in ji Inna. "Ke ma ban yarda ki duba ba."

Ta riga ta koma kan zogalenta. Na kashe kyamarar ban kalli allon ba.

Komawa gida

Tafiyar da ta fi kowace tsawo ke nan. Ɗaya tak aka ɗauka. In ta rufe ido fa? In ta sunkuyar da kai a ƙarshe? In turmin ya karkace, rumfa kawai aka ɗauka? Hannuna ya shiga jaka ya fito ban san sau nawa ba. Mota ta tsaya sauke kaya, ta tsaya shan mai, ta tsaya don direba ya gaisa da surukinsa. Na dai riƙe amanar, amma da ƙyar.

Da la'asar sakaliya na isa shagon Mista Bulus, babu wuta, sai da ya tayar da janareto. Na gaya masa sharaɗin Inna, ya ce ya gane, su ma a garinsu akwai irin tsofaffin nan. Na tsaya a waje ina safa da marwa. Ya fito da babbar ambulan a liƙe, ya ce katin ajiyar hotunan ma yana ciki. Na tambaye shi ya fita? Ya ce, "Ba sai an sake ba." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma na ga bai yi wasan da ya saba ba.

Ran Alhamis na damƙa wa Alhaji ambulan a tasha, na ce ya sa ta a ƙasan akwati kada ta lanƙwashe. Na dawo gida na kwanta kamar an yi mini duka. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Kawu Idi da tuwonsa, da Iya Abu, da Mista Bulus, da ɗan acaɓan da na wahalar. Yaya Hajara ma na yafe mata.

Sai a mako na gaba waya ta shigo daga Kumasi, ina tsakiyar ɗinki. Na yi sallama, shiru, sai numfashi. Na ɗauka layi ne ya yanke. Can Yaya ya ce, "Rabi, ta kalle ni."

Ya ce yana bakin taga, hoton na dab da fuskarsa, yana bin sa kaɗan-kaɗan. Sai ya tambaye ni, a hankali, ko datti ne ya hau takardar, don yana ganin wani ɗan ɗigo baƙi a farin idonta na hagu.

Na ce ba datti ba ne, Yaya, da shi aka haife ta. Ni tun ina goye na san shi. Shi kuwa, da furfurarsa, ran nan ya fara gani.