Shaidar da Na Naɗe Ƙosai da Ita

Ku matso, ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan gare ku, amma wannan a ƙofar gidana ta faru.

Shekarun da ma'aikata suka fara kwararowa Abuja, ɗana na fari ya samu aikin kula da kwamfuta a wani kamfani can. Nan unguwarmu ta Magajiya yake kwana, da sassafe ya bi mota. Aikinsa zuba wa injin abin da yanzu kuke kira manhaja. Injin kuwa, in ji shi, magulmaci ne: duk abin da aka sa masa ko aka cire, sai ya rubuta wanda ya yi, da rana, da sa'a. Kullum kafin ya tashi yakan buga wannan rubutu a doguwar takarda mai huji-huji a gefe, ya kawo gida ya tura ƙarƙashin gado.

Ni kuwa ƙosai nake soyawa. Ban san ko alif ba, amma na san takarda mai shan mai.

Rannan ya dawo tun azahar, fuska a murtuke. An cire manhajar da kamfanin duka ke aiki da ita, komai ya tsaya cik, manaja ya ce shi ne. Rubutun cikin injin an share shi. Kwana uku aka ba shi: ko shaida, ko ya ajiye makulli.

Ya leƙa ƙarƙashin gado.

"Inna, ina takarduna?"

"Masu hujin nan? Ai da su unguwa ta karya kumallo."

Na yafa mayafi na bi gida-gida. Wata ta hura wuta da tata, akuya ta cinye ta wani. Sai malamin makarantar da ke haya a bayanmu, Kirista mutumin Filato, wanda ba ya yar da abu mai rubutu. Ya zaro nasa a miƙe daga cikin littafi.

"Mama, ni na ɗauka jarrabawar wani kike sayar mana."

Ɗana ya bi su ɗaya-ɗaya, har ya tsaya kan wata da mai ya ratsa. Ga sunan manaja, ranar Juma'a, ƙarfe biyu, lokacin ɗana yana sahu a masallaci. Ashe manajan ne ya cire manhajar, don ya samu wurin zuba wasan karta a cikin injin.

Manaja aka ƙara masa girma, aka kai shi Legas. Ɗana bai rasa aikinsa ba, sai dai an mai da shi sito, inda babu injin da zai yi tsegumi. Malami ya ci ƙosai kyauta har aka yi masa canji zuwa Lambata. Ni kuwa na koma naɗi da jarida, don ita ba wanda ya taɓa zuwa neman shaida a cikinta.