Ranar da Mushe Mijinyawa ya riƙe littafi a juye

Maƙwabcina Mushe Mijinyawa (Mushe muke ce wa malamin boko) ya yi shekara ashirin da huɗu yana koyarwa a lakkwal, wato makarantar boko, daga ƙauyukan Maradi har nan Yamai. Bakatsine ne, ni Bagobiri, tela, shi ya sa tun ranar da ya tare a unguwarmu ta Dar es Salam nake kiransa bawana. Mutum ne mai guga har a hula.

Yana da shekara arba'in da tara ya ajiye aiki. Ya gaya wa unguwa hutu yake so. Ni da matarsa Halimatou kaɗai muka san idonsa ne ke mutuwa a hankali. Na gane ranar da ya yi wa buhun gawayi sallama a ƙofata. Ya roƙe ni kada kowa ya ji. Ba ya son ɗalibansa su riƙa zuwa da fuskar tausayi.

Sai ga wata ƴar jarida, Anisa, da mai hotonta. Mujallarsu na rubutu kan waɗanda suka yi ritaya da wuri. Mushe ya sha shadda, aka kafa masa kujera ƙarƙashin dogon yaro. Ni kuwa na gayyaci kaina.

"Baba, yaya kake cinye yininka yanzu?" in ji ta.

"Karatu, ƴata."

Mai hoto ya ji daɗi, ya miƙa masa littafi daga tebur. Mushe ya buɗe, ya gyara zama. Ni ajina biyu a boko, amma na ga raƙumin da ke bangon littafin ƙafafunsa na kallon sama. Anisa ma ta fara kai ido wurin.

Na yi wuf na fizge. "Kai bawana, littafin ubangidanka za ka yi hoto da shi ba izini?" Na juya shi, na mayar masa.

Ya shafa bangon.

"A juye yake, ko Shu'aibu?"

"Raƙumin ne ya gaji, ya kwanta."

Ya yi dariya har hula ta zame. Sannan ya rufe littafin. "Ƴata, rubuta gaskiya. Allo na daina gani. Na ƙi in ci gaba da tsayawa gaban yara ina yi musu ƙarya, shi ya sa na sauka."

Mujallar ta fito da hotonsa, littafi a rufe bisa gwiwa, da rabin kunnena a gefe. Ɗalibansa sun zo. Babu wanda ya yi kuka, sai gardamar wanda ya fi shan bulala.

Yanzu bayan la'asar ni nake karanta masa shafin mujallar, harafi harafi. Mun yi wata guda, muna layi na tara. Ya ce a duk aikinsa bai taɓa samun daƙiƙi kamata ba.