Takardun da Aka Ba Ni In Hura Wuta

Komai daɗewata a duniya, ranar da aka raba kayan surukina ba za ta fita daga raina ba.

Baba tsohon makanikin reluwe ne a Kafanchan. Tun yana aiki ya ƙera injin tsaga citta, wanda ya hutar da mata daga zaman wuƙa da kumburin yatsu. Har daga Fadan Kagoma manoma ke zuwa ƙofar gidanmu, kuma masu walda da yawa nasa suka kwaikwaya. Da Ubangiji ya kira shi, wata malamar jami'a ta aiko cewa suna so su adana zane-zanensa, ɗalibai su yi nazarin yadda ya yi tunani.

Bayan jana'iza dangi suka zauna rabon kaya. A gidanmu matar ɗa ba ta da baki a wannan zama, nata murhu ne da ciyar da baƙi. Babbar 'yar Baba, wadda muke kira Anti, ta buɗe akwatin ƙarfensa ta kasa takardun gida biyu. Masu tsabta ta jera a jaka. Waɗanda ya sossoke da biro, baƙin mai ya ɓata, ta kwaso ta zube mini a kicin.

"Matarmu, ga na hura wuta. Ba za a kai kurakuran babana jami'a yara su yi dariya ba."

Har yau ban ga laifinta ba, ƙauna ce ta sa ta.

Na ɗauki ta farko zan cusa ƙarƙashin tukunyar kunu, sai idona ya faɗa kan wata kalma a gefe da rubutun Baba: "Tukuna." Na duba ta biyu, ita ma haka. Ba inda ya rubuta "na kasa". A ƙarƙashin kowace tukuna kuma akwai dalili: wuƙa ta yi kauri, bel yana zamewa, citta tana niƙewa maimakon ta tsage. Ina bin su ina ganin injin yana girma a gabana kamar yaro mai koyon tafiya.

Na yi 'yar addu'a, na goge hannu a zani, na shiga falo na durƙusa da takardun.

Kawun mijina ya ce, "To, yau kicin ma ya zo mitin." Aka yi dariya. Mijina ya shiga neman abin da bai ɓata ba a cikin wayarsa.

Na ce, "Anti, a gafarce ni. Masu tsabtan sun nuna abin da Baba ya gama. Waɗannan ne suka nuna yadda ya kai can."

"Ke kin fi ni sanin mutuncin ubana?"

Na zaro guda ɗaya da ta fi tsaya mini a rai, na miƙa mata da hannu biyu. Ta sa tabarau ta karanta a fili: "Tukuna. Ya yanki yatsan 'yata. Kada ya fita gidan nan sai an sa masa murfi."

Anti ta daɗe tana kallon wani tsohon tabo a babban yatsanta.

"Ina 'yar firamare lokacin," in ji ta a hankali. "Ko sannu bai ce mini ba, ya shige shagonsa ya rufe ƙofa. Na ɗauka injin ya fi ni a wurinsa."

Sai ta cire tabarau ta dube ni. "Tashi mana, gwiwarki ba ta ciwo? Kwaso sauran, kada ki bar ko guntu."

Da malamar ta zo, ta shimfiɗa su a tabarma, ta kakkaɓe ƙasar gara da ɗan burushi, ta ɗauki hoton kowace. Anti ce ta zauna kusa da ita tana gaya mata wadda ta riga wata, domin ta tuna kowane inji da ya ƙi aiki a tsakar gidan nan. Yanzu suna jami'a, kuma na ji ɗalibai sun fi neman masu baƙin man.

Abin da na koya shi ne, aikin da aka gama yana nuna gwanintar mutum, amma wanda ya soke ya sake ne ke nuna zuciyarsa. In muka ƙone kurakuran wanda muke ƙauna don mu rufa masa asiri, tare da su muke ƙone haƙurinsa, wani lokaci har da sannun da bakinsa ya kasa faɗa.