Dutse a Jijiyar Mahaifina

Shekarun baya, mahaifina ya fara kasa bin garmar shanu. A gonarmu ta bayan Dayi, da ya ja kunya huɗu sai ƙafafunsa su riƙe, ya dafa garma ya tsaya har su sake shi. Ni kuwa, likitan gida marar takarda, nan take na yanke hukunci: sanyi ne. Na yi ta ɗirka masa jiƙe-jiƙe, mahaifiyata tana gasa masa ƙafafun da ruwan zafi, don kullum a sanyaye suke. Damina biyu muna haka, har ya fara zancen sayar da shanun, mutumin da noma ne rayuwarsa.

Da ƙyar na lallaɓa shi zuwa asibiti a Funtua. Likita ta tambaye shi tafiyar mita nawa yake yi kafin ciwon ya taso.

"Ni ban san mita ba, 'yata. Kunya huɗu dai. Ban taɓa kai biyar ba."

Ta ajiye biro. "Kullum huɗu, Baba? Ai sanyi bai iya ƙirga ba. Cire takalmi."

Ta lalubi bugun jini a ƙafafunsa, shiru. Ta tura mu babban asibiti a Zariya. Hoto ya nuna babbar jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya ta kusa toshewa a cikinsa da wani abu mai taurin dutse, irin farin nan da ke kama cikin butar shayi. Likitan tiyata ya ce ciwon ba kasafai ake ganinsa ba, kuma in an bar shi, ƙafafun na iya tafiya. Na tuna jiƙe-jiƙena, na rasa inda zan sa kaina.

Aka buɗe jijiyar aka kankare dutsen. Da aka bar mu muka shiga, mahaifiyata ta taɓa tafin ƙafarsa, ta ɗago da sauri.

"Da ɗumi! Malam, wallahi da ɗumi!"

Da damina ta zagayo, ya kama garma, na tsaya bakin gona ina ƙirga kunyoyin. Huɗu. Biyar! Na kurma ihu har shanun suka zabura.

"Kai, kar ka tsorata min dabbobi," in ji shi, ko waiwaye bai yi ba.

Tun daga nan na ajiye likitanci. Amma har yau in na ga yana huɗa, sai na tsinci bakina yana ƙirgawa, kuma a kan biyar nake sakin numfashi.